Giwan ruwa da tabkinmu: jawabin kwamitin tabki a gaban taron ƙungiya



Maigari, liman, sarkin ruwa, iyayenmu dattawa maza da mata, ƴan'uwanmu da sunka zo daga Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, da waɗanda takardar ga za ta iske a Kano, Ikko, Abijan ko Libiya, muna gaishe ku gaisuwar zumunci, muna yi muku barka da kaka.

A taron da ya wuce kun ɗora mana aiki guda. Kuɗin da ƴan ci-rani sunka tara don a zuba kifi cikin tabkin garinmu suna nan ajiye, ba a taɓa ko dala ba. Abin da ya hana a taɓa su shi ne ba mu daidaita ba bisa irin kifin da za a zuba. Samarinmu na birni sun ce a zuba giwan ruwa, wanda ake kira kapiten a Yamai, don sun ga darajarsa a kasuwa da gidajen abinci. Waɗansu dattawa sun ce a tsaya ga tarwaɗa da karfasa da munka sani. Sai kunka ce mu tafi mu tambayo. Mun tafi, mun zauna da masunta, mun zauna da ma'aikatan gandun daji masu kula da sha'anin kifi, yaranmu ƴan lekwal kuma sun karanta mana abin da masana sunka rubuta. Ga abin da munka samo, za mu faɗe shi yadda yake, ko ya yi ma wani daɗi ko bai yi ba.

Kamanninsa da girmansa

Da farko dai samarinmu ba su yi ƙarya ba, giwan ruwa kifi ne mai daraja. Namansa fari ne, mai kauri, ba ya da ƙananan ƙayoyin nan da ke sa uwa ta ji tsoron ba yaro kifi. Kuma ɗan ƙasa ne, ba baƙo ba. Yana cikin kogin Kwara da ke ratsa Tillaberi, Yamai da Gaya, yana cikin tabkin Cadi, yana cikin kogin Nil, kogin Senegal, kogin Bolta da kogin Kwango.

Mai son ya gane shi ya dubi abu huɗu. Jikinsa fari ne kamar azurfa, bayansa ya ɗan yi duhu. Idonsa baƙi ne, da zobe rawaya kewaye da shi. Bisa gadon bayansa akwai ƙayoyi masu tsini daga gaba, sannan sashe mai laushi daga baya, wutsiyarsa kuwa zagayayya ce, ba ta rabu biyu ba. Bakinsa babba ne ƙwarai, leɓen ƙasa ya fi na bisa fitowa. Ɗiyansa ƙanana suna da dabbare-dabbare masu duhu a jiki, in sun girma sai su ɓace. Mai kama shi da hannu ya yi hankali da marfin kunnensa, akwai ƙaya da kaifi a wurin.

Ba banza anka sa masa sunan giwa ba. Mafi girma da anka sani yana kai tsawon metir 2, nauyinsa kuma wajen kilo 200, ko da yake irin waɗannan ba a cika ganinsu ba yanzu. Waɗanda sunka taɓa zuwa bikin su na Argungu, wanda Kabawa ke yi tun 1934, sun san galibi da giwan ruwa ake cin gasar. A bikin 2020 kifin da ya zo na ɗaya ya kai kilo 78, wato ya fi buhun siminti ɗaya da rabi. Mace ta fi namiji girma, kuma kifin na iya rayuwa har wajen shekara 16.

Cinsa da haihuwarsa

A nan maganar take. Giwan ruwa ba ya cin dusa, ba ya cin gansakuka, ba ya cin ciyawa. Yana ɗan ƙarami yana cin ƴan ƙananan halittun ruwa da ido ba ya gani sosai, daga nan ya koma ma ƙwarin ruwa, in ya ɗan tasa kuwa sai kifi. Ba ya tauna. Yakan laɓe, in kifi ya gitta ya buɗe baki farat ɗaya, ruwa ya ja kifin ciki, ya haɗiye shi ɗungum. Karfasa, ƙawara, ɗiyan tarwaɗa, duk abin da ya shiga bakinsa abinci ne. In bai samu wani ba, ƙannensa yake ci.

Haihuwarsa ma dabam take da ta karfasa. Karfasa tana balaga cikin wata biyar ko shida, namiji ya haƙa ɗan gurbi a ƙasan ruwa, mace ta zuba ƙwai, ta kwashe su ta riƙe cikin bakinta har su ƙyanƙyashe, kuma tana maimaita haka sau da yawa cikin shekara in ruwa na da ɗumi. Giwan ruwa sai ya yi wajen shekara uku kafin ya fara haihuwa. Babbar mace tana zuba ƙwai miliyoyi, ƙanana, ba su kai ƙwayar gero ba, suna yawo bisa ruwa ba gurbi ba sheƙa, su ƙyanƙyashe cikin kamar kwana guda. Mafi yawansu ba su rayuwa. Ke nan wanda ya zuba giwan ruwa bana, in yana jiran ya ga jikokinsa, sai tabkin ya riƙe ruwa mai kyau shekara uku ko huɗu a jere ba tare da ya ƙafe ba.

Abu na uku shi ne numfashi. Kifi da iskar da ke cikin ruwa yake rayuwa, wadda ƴan lekwal ke kira oksijan. Ruwa mai zurfi, mai sanyi, mai motsi, yana da ita da yawa. Ruwa kaɗan, mai zafi, wanda ya cika da laka da kashin shanu, iskarsa tana ƙarewa, musamman da asuba. Tarwaɗa ba ta damu ba, Allah ya ba ta abin shaƙar iskar sarari, shi ya sa kuke ganin tana kwana cikin bokiti da ranta. Gaiwa ta fi ta ma, tana shiga laka ta kwanta har ruwa ya dawo. Karfasa tana da haƙuri gwargwado. Giwan ruwa kuwa duk girmansa ba ya da wannan haƙuri, shi ne na farkon mutuwa in ruwa ya ɓaci. Ko ɗaukarsa cikin mota daga kogi zuwa nan aiki ne na gwanaye, don ɗiyansa suna mutuwa a hanya da sauƙi.

Abin da ya faru a tabkin Cadi

Dattawanmu da sunka yi fataucin banda sun san wannan labari fiye da mu. A 1963 faɗin tabkin Cadi ya kai murabba'in kilometir 25,000, giwan ruwa manya-manya suna cikinsa. Da farin 1973 ya zo, sannan na 1984, ruwa ya janye, ɓangaren arewa da ke wajen Ngigmi ya bushe, abin da ya rage ya zama fadama mai ciyawa. Kifayen da ke son buɗaɗɗen ruwa sunka mutu da yawa, giwan ruwa na cikinsu. Waɗanda sunka gaji wurin su ne tarwaɗa, karfasa da gaiwa. Kogin Kwara kansa ya tsaya da gudu a Yamai cikin watan Yuni na 1985.

To, mu dubi tabkinmu. Da damina ya cika har ya shanye mutum tsaye. Amma kowa ya san yadda yake zama cikin Afrilu da Mayu: ya ja da baya, ruwan ya yi zafi, ya yi kauri, shanu da raƙuma suna ciki tun safe har marece, masu lambu suna ja da inji. Rairayi na shigowa kowace shekara daga gonakin da ke bisa tudu. Akwai shekarun da munka taka tsakiyarsa da takalmi. In babban tabki kamar Cadi ya kasa riƙe giwan ruwa da fari ya zo, mi za mu ce da namu?

Abin da ya faru a tabkin Biktoriya

Wani zai ce, to in ruwan ya zauna fa? Shi ma akwai labarinsa, daga gabashin Afirka. Tabkin Biktoriya yana tsakanin Yuganda, Kenya da Tanzaniya, faɗinsa wajen murabba'in kilometir 68,000, ya fi jihar Maraɗi dukanta faɗi. Asali babu giwan ruwa cikinsa. Akwai ƙananan kifaye dangin karfasa, iri wajen 500, waɗanda ba a samun su ko'ina a duniya sai can. Talakawa suna kama su, su shanya a rana, su ci. Zamanin mulkin Ingilishi, cikin shekarun 1950 da farkon 1960, anka ɗauko giwan ruwa daga waɗansu tabkunan yankin anka zuba, da nufin ya cinye ƙananan ya zama babban kifi mai kuɗi.

Shekara ashirin da wani abu ba a ga kome ba. Sai cikin shekarun 1980 ya yi yawa gaba ɗaya. Kuɗi kam sun shigo, ba za mu ɓoye ba. Anka gina masana'antu a garuruwa kamar Mwanza da Kisumu, ana yanke tsokar ana kai ta Turai cikin jirgin sama, jakar iskar da ke cikin cikinsa kuma ana busar da ita ana sayar ma ƴan kasuwar ƙasar Sin da tsada. Dubban mutane sunka samu aiki. Amma ƙananan kifayen nan wajen iri 200 sunka ɓace ko sunka kusa ɓacewa. Masana sun ce ba giwan ruwa kaɗai ya jawo haka ba, ƙazantar ruwa da yawan kamu sun taimaka, amma shi ne babba. Mai ƙaramin jirgi da ƙaramar koma ya kasa kama kifin da ya fi ƙarfin kayansa. Tsoka mai kyau ta tafi waje, mutanen bakin ruwa da yawa sunka koma sayen kai da ƙashi. Kuma da yake namansa na da mai, ba ya shanyuwa a rana kamar ƙananan, sai an yi banda, itatuwan bakin tabki sunka sha gatari.

Abin da ya fi ba mu tsoro cikin labarin ga shi ne ba a iya komawa baya. Wanda ya shuka irin da bai yi masa ba, baɗi sai ya canza. Kifin da ya kama wuri cikin babban ruwa ba mai fitar da shi. Gaskiya ne a ƙasarmu giwan ruwa ɗan gida ne, kifayen kogi sun saba da shi, suna da wurin gudu da wurin ɓuya. Amma tabkinmu rufaffe ne, ba mashiga ba mafita. Cikinsa baƙo ne, kuma ba a ba kura ajiyar nama.

Ana kiwonsa ko ba a yi?

Mun yi wannan tambaya, don ita ce ta shafi kuɗinmu. Kiwon kifi sana'a ce tabbatacciya. A nan ƙasar tun shekarun 1980 anka fara kiwon karfasa cikin keji bisa kogi wajen Tillaberi, kuma waɗanda ke zaune Nijeriya sun ga yadda ake kiwon tarwaɗa cikin tankin siminti har a bayan gida. Waɗannan biyu an san yadda ake ƙyanƙyashe su, ana sayar da ɗiyansu, ana sayar da abincinsu. Giwan ruwa yana da ɗan'uwa a ƙasashen Asiya da Ostareliya wanda anka gano yadda ake ƙyanƙyashe shi a Tailan tun shekarun 1970, ana kiwonsa sosai. Amma namu na Afirka bai zama kifin kiwo irin haka ba. Ɗiyansa galibi daga kogi ko tabki ake kamo su.

Dalili lissafi ne. Dabbar da ke cin nama ba ta mayar da abin da ta ci duka. Masana halittu suna koyar da cewa wajen kashi ɗaya cikin goma ne ke wucewa daga abin da anka ci zuwa jikin mai ci, sauran ya tafi ga motsi da numfashi da kashi. Mu sa tabkinmu ya ba da kilo 100 na karfasa. In mun kama su da kanmu, kilo 100 ne cikin tukwanen gari. In mun bar giwan ruwa ya cinye su, abin da zai mayar mana wajen kilo 10 ne, in an yi sa'a 20. Ko da kilonsa ya ninka na karfasa sau biyu ko sau uku a kasuwar Yamai, ku yi lissafin da kanku. Ku ƙara da kuɗin ƙanƙara da kuɗin mota, don in ba a kai shi birni ɗanye ba darajar tasa ta faɗi. Kamar mutum ne ya sayi tumaki yana ciyar da zaki don fatar zaki na da tsada.

Amma yana da aiki guda da ya iya, kuma adalci ne mu faɗe shi. Karfasa in ta samu wuri tana haihuwa har ta yi ma kanta yawa, abinci ya kasa, duka su tsaya ƙanana kamar tafin hannun yaro, ba mai saye. A irin wannan hali masu kiwo kan sa kifi mai cin kifi ƴan kaɗan, ya rage ɗiyan, sauran su samu abinci su girma. An yi amfani da giwan ruwa don haka a Afirka ta Yamma, kuma an zuba shi cikin waɗansu manyan tabkunan ƙasarmu masu riƙe ruwa, kamar na Tabalak a jihar Tawa. Sai dai ku lura da tsarin: abincinsa ake fara zubawa ya yi yawa, sannan shi ya biyo baya, kaɗan, da ƙidaya, a hannun waɗanda sunka san aikin. Tarwaɗa ma tana cin ɗiyan karfasa, saboda haka wani sashe na wannan aiki za ta yi mana shi kyauta.

Shawararmu

Ga abin da kwamiti ya tsayar, taro ke da ikon karɓa ko ƙi.

Na ɗaya, bana a zuba karfasa da tarwaɗa kawai. A sayi ɗiyan ta hannun ma'aikatan gandun daji, su zo su duba ruwan, su faɗi yawan da ya dace da faɗin tabkin. A karɓi takardar shaidar kowane kuɗi da anka kashe, a karanta ta gaban taro, a buga ta cikin takardar ƙungiya don na nesa su gani.

Na biyu, a kafa dogon ƙarfe a wuri mafi zurfi, a yi masa zane kowane rabin metir. Yaro ɗaya ɗan lekwal da mutum ɗaya na sarkin ruwa su riƙa dubawa ranar ɗaya ga kowane wata, su rubuta cikin littafi. Yau in an tambaye mu zurfin tabkinmu cikin Mayu, kowa da abin da zai ce. Bayan rani biyu littafin zai raba gardama.

Na uku, daga ranar da anka zuba kifin a rufe su har sai sarkin ruwa da ma'aikata sun ce a buɗe. In an buɗe, ban da taru mai ƙananan idanu, ban da gidan sauro, ban da guba ko maganin ƙwarin gona. Dokar ƙasa ta hana kamun kifi da guba, kuma ruwan ga shi dabbobinmu ke sha, shi yaranmu ke wanka ciki.

Na huɗu, a kira makiyaya da masu lambu a zauna da su kafin a zuba ko kifi ɗaya. Tabkin ba na masunta kaɗai ba ne. A ware mashayar dabbobi, a ware inda injin ban-ruwa zai tsaya, kada kifi ya zama sanadin faɗa tsakanin mutanen da sunka daɗe suna shan ruwa ɗaya.

Na biyar, sashen kuɗin da ya rage a sa shi ga tare rairayi: jera duwatsu a kwazazzaban da ke zubowa cikin tabki, da dasa itatuwa a bakinsa. In kacalla ta fara fitowa a cire ta tun tana kaɗan. Tabkin da ya cike da ƙasa ba ya riƙe giwan ruwa, ba ya riƙe tarwaɗa.

Na shida, matanmu da za su yi soye da banda a ba su wuri cikin kwamiti, kuma a kayyade rabon da za a sayar cikin gari kafin dillalan waje su ɗauka. Ba mu tara kuɗin ga don kifinmu ya wuce mu cikin mota muna kallo ba.

Na bakwai, muna roƙon ƴan'uwanmu matafiya, don Allah kada wani ya ɗauko ɗiyan kifi cikin jarka daga Gaya ko Yawuri ko wani wuri ya zuba da dare, yana ganin taimako ya yi. Ɗiyan kifi suna kama da juna, kuma suna zuwa da cuta. Wanda ya yi haka zai iya ɓata gumin mutane da yawa cikin dare ɗaya.

Bayan shekara biyu mu sake zama, da littafin zurfin ruwa a gabanmu da lissafin kifin da anka kama. In ruwan ya riƙe zurfinsa duk bazara, kuma karfasa ta yi yawa har ta tsaya ƙanana, sai mu koma ga ma'aikata mu tambaye su ko lokacin giwan ruwa ya yi, da guda nawa za a sa. In ruwan bai riƙe ba, mun tsira da kuɗinmu, muna kuma cin tarwaɗarmu.

Samarinmu na birni, kada ku ɗauka an ƙi maganarku. Ku kunka fara kawo zancen kifi a garin ga, da ba ku yi ba da tabkin na nan sai kwaɗi. Mun san yadda ake samun kuɗin nan: dako a kasuwa, tura ruwa, gadi cikin sanyi, kwana a shago nesa da iyali. Don haka ne ba mu so a zuba su inda za su taso bisa ruwa ciki sama wata safiya ta watan Mayu. Sannu ba ta hana zuwa.

Iyayenmu dattawa, in mun yi kuskure ku gyara mana, kun riga mu sanin tabkin ga. Wanda ke nesa kuma yana da magana, ya aiko ta wurin wakilin ƙungiya na garin da yake kafin taro mai zuwa, za a karanta ta gaban kowa.

Allah ya sa albarka cikin abin da munka tara, ya ba mu damina mai kyau, ya maido matafiyanmu gida lafiya.